MALAM AMINU KANO DA YAƘIN BASASA: ƊAN MAJALISA A ZAMANIN DA BABU MAJALISA

Gabatarwa

Kwanakin baya muna cikin aji ana bitar tarihin yaƙin basasar Nijeriya, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to lokacin da ake wannan yaƙi me 'yan majalisa suka ce? Wa yake shugabancinsu?" Na amsa masa a taƙaice cewa ai babu majalisa a lokacin, domin soja sun rufe ta tun watan Janairu na 1966, ba a kuma sake buɗe ta ba sai watan Oktoba na 1979. Yaro ya gamsu ya zauna, amma ni da na ba da amsar ban gamsu ba, na dawo gida Amarawa ina ta juya maganar a zuci. Lalle an rufe zauren majalisa, to amma mutanen da suka saba zama cikinsa fa? Kaɗan aka kashe, wasu aka tsare, sauran kuwa suna nan da ransu da bakinsu har aka fara yaƙin aka gama. Ina suka shiga, me kuma suka aikata?

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu domin mu bi sawunsa, wato marigayi Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa da rahama. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan gwagwarmayarsa a zamanin NEPU da zamanin PRP, amma shekarun da ke tsakani, waɗanda ya yi yana zaune a gwamnatin soja ana yaƙi, galibi akan tsallake su da layi ɗaya ko biyu. Ni kuwa a ganina nan ne jarrabawarsa mafi tsanani take, kuma nan ne darasin da ya fi amfani gare mu yake.

Asalinsa da Shigarsa Siyasa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙalin Kano, saboda haka tun yana ƙarami ya ga yadda ake shari'a da yadda ake karkatar da ita. Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, ya shiga makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Da ya fita aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilmin koyarwa, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Aikin gwamnati na ƙarshe da ya riƙe a wancan zamani a nan Lardin Sakkwato ne, wato shugabancin makarantar horon malamai ta Maru, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara. Daga can ya ajiye aiki a ƙarshen 1950 ya tsunduma siyasa gaba ɗaya.

Kafin ya bar Maru, wasu samari takwas sun riga sun kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. A 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. Abin da jam'iyyar take nema a fili yake: a raba sarakuna da ikon kotu da 'yan doka da gidan yari, a gyara En'e ta zama ta zaɓaɓɓu, a sauƙaƙa wa talaka haraji da jangali da aikin tilas, a ba kowa ƙuri'a har da mata. A kan wannan 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala da kora daga gari, a Kano da Zariya da garuruwan layin dogo na lardinmu irin su Gusau da Ƙauran Namoda. Hajiya Gambo Sawaba ita kaɗai ta shiga gidan yari sau da yawa. Duk da haka Malam bai taɓa kiran mabiyansa su ɗauki makami ba. Yana sha'awar tafarkin Mahatma Gandi na Indiya, makamansa kuwa lacca ce da tafsiri da rubutu da ƙuri'a.

Shekaru Biyar a Majalisa

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa mutumin da sunansa ya cika Arewa ya fi sanin faɗuwa zaɓe a kan cinsa. A 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakan farko na zaɓe a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, sai aka wayi gari ba ta da ko kujera ɗaya a can. A 1954 Maitama Sule, wanda a lokacin ya koma NPC, ya kayar da Malam a zaɓen tarayya. A 1956 Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi a zaɓen majalisar Arewa. Sai a watan Disamba na 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Legas.

Majalisar tana da kujeru 312, NEPU kuwa 8 kacal ta samu. Bugu da ƙari, ƙawarta NCNC ta su Dokta Azikiwe ta haɗa gwamnati da NPC, wato da abokiyar gabar NEPU a gida. Sai ga Malam Aminu, madugun 'yan adawar Arewa, yana zaune a ɓangaren gwamnati a matsayin mataimakin babban bulaliyar majalisa, aikinsa ya tabbatar 'yan majalisa sun halarta sun kuma goyi bayan ƙudurin gwamnati, alhali a gida 'yan doka suna kama mabiyansa. A waɗannan shekaru ya kasance cikin masu wakiltar Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ga duniya, duniya ta san shi. Amma daga cikin manyan buƙatun NEPU babu ko ɗaya da majalisar nan ta biya, domin kotuna da En'e suna hannun gwamnatin Kaduna, NPC kuwa ta fi kowa kujeru a Kadunan da Legas ɗin duka. A zaɓen 30 ga Disamba 1964, wanda aka yi cikin rikici da ƙauracewa, kujerar ma ta suɓuce masa. Ke nan ranar da soja suka zo, Malam ya riga ya yi shekara guda a wajen majalisa.

Shekarar 1966

Daren 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshi ƙarƙashin su Manjo Nzeogwu da Manjo Ifeajuna suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Cif Akintola, da Cif Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Washegari Shugaban Majalisar Dattawa Dokta Nwafor Orizu, wanda yake riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya ba da sanarwar miƙa mulki ga Janar Ironsi. Dokar soja ta farko ta dakatar da majalisu. Ran 24 ga Mayu aka soke jam'iyyu duka, har da NEPU, aka kuma fito da doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya.

Mutanen Arewa sun tsorata da wannan doka, domin sun san an yi musu nisa a ilmin boko, in aka haɗe aiki su ne za su koma baya. A nan tsofaffin abokan gaba na NPC da NEPU suka sami kansu a sahu ɗaya wajen ƙinta. Amma abin da ya biyo baya abin kunya ne da baƙin ciki, kuma bai kamata marubuci ya kauce masa ba. A ƙarshen watan Mayu, sa'an nan kuma a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo da wasu mutanen Gabas a garuruwan Arewa, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sauran suka tsere gida da abin da hannu ya iya ɗauka. A tsakanin haka sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin ran 29 ga Yuli, aka kashe Ironsi, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya hau. Kalmar da take bakin mutane da yawa a Arewa a lokacin ita ce "a raba".

Ran 12 ga Satumba Gowon ya kira taron wakilan jihohi a Legas domin a tattauna makomar ƙasa. Sir Kashim Ibrahim ya jagoranci wakilan Arewa, Malam Aminu da Joseph Tarka suna ciki. Takardar farko da Arewa ta gabatar ta nemi kowace jiha ta ci gashin kanta, har da 'yancin ɓallewa in ta ga dama. Ba a yi kwanaki da yawa ba Arewa ta janye wannan, ta dawo tana neman gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da ƙirƙiro sababbin jihohi, ba tare da 'yancin ɓallewa ba. Abubuwa da dama suka haddasa wannan juyi, ciki har da matsin sojoji 'yan ƙananan ƙabilu da shawarar jakadun Ingila da Amurka. Amma matsayin da aka komo kansa shi ne wanda tsofaffin 'yan adawa irin su Tarka da Malam suka fi kusa da shi tun asali, domin sun san muddin Arewa tana dunƙule a hannun Kaduna, ƙananan ƙabilu da talakawa ba su da ta cewa.

Kujera a Gwamnatin Soja

Taron Aburi na ƙasar Gana a watan Janairu na 1967 bai haifar da sulhu ba. Ran 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida a Arewa shida a Kudu. Nan muka sami Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato ƙarƙashin Usman Faruk, Kano ta sami tata ƙarƙashin Audu Bako. Bayan kwana uku, ran 30 ga Mayu, Laftanar Kanar Ojukwu ya yi shelar kafa Biyafara. Ran 6 ga Yuli aka fara harbi.

Gowon yana da shekara 32 a lokacin, ya kuma san bindiga kaɗai ba za ta sa jama'a su bi shi ba. Saboda haka a watan Yuni ya ɗauko farar hula ya naɗa su kwamishinonin tarayya. In mai karatu ya dubi sunayen zai ga abin al'ajabi, domin manyansu 'yan adawar Jamhuriya ta Farko ne. Cif Awolowo, wanda aka sako daga kurkukun Kalaba a 1966, ya zama kwamishinan kuɗi kuma mataimakin shugaban Majalisar Zartarwa. Cif Enahoro, shi ma tsohon ɗan kaso, ya karɓi watsa labarai. Tarka ya karɓi sufuri. Alhaji Yahaya Gusau ya wakilci jiharmu. Malam Aminu ya wakilci Kano a matsayin kwamishinan sadarwa, wato gidan waya da tarho suna ƙarƙashinsa.

Aikinsa bai tsaya nan ba. An ɗora masa jagorancin kwamitin sayo makamai, a lokacin da Amurka ta ƙi sayar wa Nijeriya, Ingila tana yi tana noƙewa, har sai da gwamnati ta juya ga Tarayyar Sobiyet ta samo jiragen yaƙi a 1967. Mutumin da ya shekara 16 yana hana mabiyansa ɗaukar makami, ga shi yana yawon ƙasashe neman harsashi. Har ila yau yana cikin tawagar da Enahoro ya jagoranta zuwa taron sulhu na Kampala a ƙasar Yuganda a watan Mayu na 1968, inda suka zauna da tawagar Biyafara ƙarƙashin Sir Louis Mbanefo, aka tashi baram-baram. A watan Yuli aka sake zama a Yamai, Shugaba Jori Hamani yana mai masauki, daga nan sai Adis Ababa, duk ba a dace ba. Ya kamata mu mazauna bakin iyaka mu riƙa tunawa cewa Nijar ta tsaya tare da gwamnatin tarayya har ƙarshe, duk da cewa Faransa tana taimakon Biyafara, Kwaddibuwa da Gabon kuma sun amince da ita a matsayin ƙasa. Yaƙi ya ƙare ran 15 ga Janairu 1970, da Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan, bayan wata 30.

Abin da Ƙuri'a ta Kasa Samowa

Me ya sa Malam ya karɓi wannan kujera? Dalili na farko shi ne ɗorewar ƙasa, domin NEPU tun farkonta jam'iyya ce mai neman haɗin kan Nijeriya, shi ya sa ma ta yi ƙawance da jam'iyyar Kudu aka yi ta yi mata gori. Hausawa kuwa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dalili na biyu shi ne ƙofar da ya daɗe yana ƙwanƙwasawa ta buɗe da kanta.

Alal misali, a tsakanin 1967 da 1968 aka soke kotunan sarakuna, aka cire kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. Gidajen yarin En'e suka koma hannun tarayya, 'yan doka kuma aka shigar da su cikin 'yan sandan Nijeriya sannu a hankali. A Kano Audu Bako ya ɗauko Tanko Yakasai, jigo a NEPU, ya ba shi kwamishina. Ba Malam kaɗai ya yi wannan aiki ba, domin tun zamanin Ironsi aka fara nazarin batun 'yan doka da gidajen yari, hafsoshi da ma'aikatan gwamnati matasa kuma suna da nasu dalilai na rage ƙarfin En'e. Amma wa ya shekara da shekaru yana faɗa wa talakawa cewa bai halatta mutum ɗaya ya zama shi ne mai kamu, shi ne mai shari'a, shi ne mai kurkuku ba? Abin da aka ɗaure 'yan NEPU saboda faɗarsa a 1955, shi ne ya zama dokar ƙasa a 1968. Daga bisani gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa En'e, a zaɓen shekarar ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

Duk wanda ya zauna da dattawan ƙasar nan ya ji labarin yadda talaka yake rawar jiki in ya hangi ɗan doka ko dogari, ya san wannan canji ba ƙarami ba ne. To amma a lura da abu ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da ya bi ta majalisa. Ba a yi muhawara ba, ba a ƙirga hannu ba. Soja ne suka sa hannu a takarda, aka wayi gari abu ya zama doka.

Ladan Kuturu

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin da Malam ya zauna a cikinta ita ce ta toshe hanyoyin shiga Biyafara, yunwa ta kashe ƙananan yara ba adadi. Masana sun saɓa a kan yawan waɗanda suka mutu a yaƙin, daga mai cewa rabin miliyan zuwa mai cewa sama da miliyan biyu, amma sun haɗu a kan cewa galibinsu farar hula ne, kuma yunwa da cuta sun fi harsashi kisa. A Asaba, a watan Oktoba na 1967, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula. Gwamnatin nan dai ita ce ta tsare marubuci Wole Soyinka kusan shekara biyu ba tare da shari'a ba, irin abin da NEPU ta yi ta kuka a kansa. Gaskiya ne cewa ikon yaƙi yana hannun Majalisar Ƙoli ta Soja da kwamandojin fagen daga, kwamishinoni kuwa sau da yawa manyan sakatarori irin su Allison Ayida da Philip Asiodu sun fi su faɗa a ji. Amma wanda ya zauna a majalisar zartarwa yana da kasonsa na yabo, yana kuma da kasonsa na alhaki.

Sa'an nan ga batun komawa bariki. Ran 1 ga Oktoba 1970 Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976. Awolowo ya ajiye aiki a 1971. Malam ya zauna, aka mai da shi kwamishinan lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ran 1 ga Oktoba 1974 Gowon ya ce wa'adin 1976 ba zai yiwu ba. Farar hular da aka kira domin su taimaka a ci yaƙi sun taimaka an ci, amma ba su da wata igiya da za su ja soja da ita zuwa bariki.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A ƙasar Ingila, shekara ɗari uku da wani abu kafin namu yaƙin, an yi wani ɗan majalisa mai suna John Pym, wanda ya jagoranci majalisar da ta yi fito-na-fito da Sarki Charles na Ɗaya daga 1640. A watan Janairu na 1642 sarkin ya shiga zauren majalisa da kansa domin ya kama shi da wasu mutum huɗu, ya tarar sun sulale. Da yaƙin basasa ya ɓarke a shekarar, Pym ne ya tsara harajin da aka ciyar da rundunar majalisa, shi ne kuma ya ƙulla ƙawance da mutanen Sikotlan a 1643, ya rasu a watan Disamba na shekarar bai ga ƙarshen yaƙin ba. Majalisa ta yi nasara, amma a 1648 sojojinta suka tsaya a bakin ƙofa suka hana 'yan majalisar da ba sa so shiga, a 1649 aka sare kan sarki, a 1653 kuma Oliver Cromwell ya zo da sojoji ya kori sauran ya kulle zauren. Pym ya fi Malam gata, domin shi yana da majalisa a bayansa, amma duk da haka rundunar da ya ciyar ita ta rufe majalisar tasa. Ina ga wanda ya shiga gwamnatin soja ba shi da majalisa ko jam'iyya a bayansa?

Tsallaken Iyaka

Kafin mu yanke wa Malam hukunci, ya kamata mu leƙa tsallaken iyakarmu, domin daga nan Amarawa zuwa Birnin Ƙonni tafiya ce 'yar kaɗan. A Nijar ma an yi jam'iyyar talakawa mai suna Sawaba ƙarƙashin Jibo Bakari, kuma akwai zumunci tsakaninta da NEPU, wadda ita ma ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Jibo ya faɗi a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, aka haramta jam'iyyarsa a 1959. Da ƙofar zaɓe ta rufe masa, sai ya zaɓi bindiga. A watan Oktoba na 1964 mayaƙan Sawaba suka kutso ta iyakoki, har da ta yankin Ƙonni, aka murƙushe su cikin ɗan lokaci, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilu na 1965 wani ya jefa gurneti a filin idi da nufin kashe Jori Hamani, bai same shi ba, kamu da azaba suka ƙaru a kan 'yan jam'iyyar. Jibo bai dawo gida ba sai bayan juyin mulkin Saini Kunce na 1974, shekara ta zagayo kuma aka ɗaure shi.

An toshe wa mutanen nan biyu hanya iri ɗaya. Ɗaya ya ba mabiyansa bindiga, aka ƙarar da su, bai kuma sami abin da yake nema ba. Ɗayan ya hana nasa, ya jira, ya shiga gwamnatin masu bindiga ya samo wani abu, ya kuma ɗauki wani alhaki. In za a auna, ni dai na fi ganin hikima a ta Malam. Amma in ce ta fita tsaf babu tabo, wannan na yi ƙarya.

Komawa Rumfar Zaɓe

Abin da ya fi burge ni a rayuwar Malam shi ne abin da ya yi bayan ya bar gwamnati. Bai nemi fadar soja ya laɓe ba, bai kuma fito da dukiya ba, ya koma gidansa na Gwammaja. Yana cikin kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya naɗa a 1975 domin tsara kundin mulki, yana kuma cikin majalisar da ta tattauna shi daga 1977 zuwa 1978. Da aka ɗage takunkumin siyasa ya kafa PRP a 1978, yana da shekara 58, ya sake hawa mota yana bin ƙauyuka neman ƙuri'a kamar yadda ya yi a 1953.

A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari ya ci shugabancin ƙasa, Malam ya sami ƙuri'a wajen miliyan 1.7. PRP ta sami sanatoci 7 da wakilai 49, ta kuma ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa, waɗanda da hawansu suka soke haraji da jangali. Wannan karon talakawa ne suka samo abinsu da ƙuri'arsu, kuma har gobe in ana hira sun san su suka yi. Jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, aka tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981, Malam kuma ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 yana shirin sake tsayawa takara. Wata takwas bayan rasuwarsa, ran 31 ga Disamba, soja suka sake rufe majalisa. In aka haɗa lissafi daga 1966 zuwa 1999, soja sun mulki ƙasar nan kusan shekara 29. Gidansa, Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, filin jirgin sama da asibitin koyarwa na Kano suna ɗauke da sunansa.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, Malam Aminu namu ne, domin ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi, ya kuma bar mana littafin Motsi Ya Fi Zama. Haƙƙinsa a kanmu shi ne mu rubuta shi yadda yake, da shekarun NEPU da na PRP da kuma shekaru bakwai na tsakani. Mutanen Kudu sun rubuta yaƙin nan ta fuskarsu, tun daga Chinua Achebe da Ken Saro-Wiwa har zuwa Chimamanda Adichie. Mu muna da waƙoƙi, irin Jiki Magayi ta Alhaji Aƙilu Aliyu, amma a ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo da tarihin rayuwa hannunmu bai yi nauyi ba. Ina labarin saurayin da ya bar gona a ƙasar Gwadabawa ya shiga soja a 1968? Ina labarin maƙwabcin da ya ɓoye ɗan Ibo a ɗakinsa a 1966, da na wanda ya nuna ɗakin? Waɗanda suka ga abin da idonsu sun haura shekara saba'in, kullum kuma raguwa suke yi. Duk mai irin wannan dattijo a gidansu ko unguwarsu, ya ɗauki littafi da biro ya je ya zauna gabansa tun yana iya magana.

Shi kuwa ɗalibina, na koma aji na gyara masa amsa. Na ce masa babu majalisa a lokacin yaƙin, amma akwai 'yan majalisa, kuma ɗaya daga cikin mafifitansu ya shiga gwamnatin soja ya taimaka ƙasa ba ta tsage ba, ya ga an rushe zaluncin da ya daɗe yana yaƙa, ya kuma ga cewa hannun da ya bayar da doka ɗaya yana iya ƙwacewa da doka ɗaya. Da ya sami dama sai ya koma neman ƙuri'a, a kan haka kuma ajali ya same shi. Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan yaƙi ta kowane ɓangare, Ya kuma kiyashe mu da sake ganin irinsa, amin.

Amarawa, Illela,
Jihar Sakkwato.